Dogon yaro ya tsaga mana katanga, tsamiya ta shiga gidan maƙwabci: in sa a sare su duka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da gidan gado a Birnin Kebbi, ni ne babba kuma ni ke zaune a ciki tare da mahaifiyarmu. Akwai wani tsohon dogon yaro da bai fi taku biyu ba daga katangar ɗakinta. Katangar ta tsage, shi kuma tun daminar bara ya ɗan karkata. A ƙofar gida akwai tsamiya, rassanta sun leƙa gidan maƙwabci, wasu suna taɓa wayar lantarki, yana ta ƙorafi. Sannan a gonarmu ta wajen Jega akwai gawo da ɗorawa da ke hana tarakta juyawa. Wani mai injin yanka itace ya ce zai kwashe su duka cikin kwana biyu, ya ɗauki itacen a matsayin ladansa. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Aikin gandun daji na yi har na ajiye, kuma irin wannan tambaya ta fi kowace zuwa mana, saboda haka zan amsa ta da faɗi.

Kada ka ba shi a kan wannan sharaɗin. Wanda ladansa itace ne, ribarsa tana ga yawan abin da ya kayar. Ban ce mugu ne ba, sana'arsa yake yi. Sai dai shi da ya kalli itatuwanka gumagumai da buhunan gawayi ya gani, shi ya sa ya haɗa su wuri guda ya ce kwana biyu. Kai kuwa matsala uku gare ka, kowace da maganinta, kuma ɗaya ce kawai a ciki take buƙatar a kai bishiya ƙasa. Dogon yaron, in dai yadda ka faɗa haka yake, ya kamata ya sauka kafin hadarin farko. Tsamiya rassa za a rage mata. Na gona kuwa, ina roƙonka ka bar su.

Kafin gatari ya taɓa komai, akwai maganar mai abu. Ka ce gidan gado ne. In ba a raba ba, itatuwan cikin gida da na gona dukiyar magada ce gaba ɗaya, zamanka a gidan da girmanka ba su mai da su naka kai kaɗai ba. Ka tara 'yan'uwanka, har da matan da ke gidajen aurensu, ka gaya musu abin da kake son yi da dalilinsa. A maganar ɗorawa ka fi sauraron matan, domin galibi su suka san abin da kalwa ke kawowa duk shekara. Shari'o'in itace mafi ɗaci da na gani a gaban alƙali na 'yan ɗaki ɗaya ne, wani ya sayar da bishiyar uba bai shawarci kowa ba.

Sai hukuma. Mutane da yawa sun ɗauka mai takardar fili yana iya yin yadda ya ga dama da duk abin da ya tsiro a kai. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, abin da ke hannunka haƙƙin zama da amfani ne. Sha'anin daji kuma yana ƙarƙashin dokokin jiha, waɗanda suka ba hukuma ikon hana sare wasu itatuwa masu amfani sai da izini, ko da a gonar mutum suke. Ka je sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen aikin gona, ka nemi malamin daji. Ka ce ya zo ya gani da idonsa, ya rubuta maka izini, in akwai abin biya ka karɓi rasit. Izinin baki ba ya tsare kowa ranar da aka tare mota da itace a hanya. Mai unguwa ma ya sani, tunda akwai maƙwabci a cikin maganar.

Addininmu bai bar mu a duhu ba a nan. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya sami Aljanna saboda wata bishiya da ya sare a kan hanya tana cutar da mutane. A cikin Sunanu Abi Dawud kuma akwai gargaɗi mai tsanani ga wanda ya sare magaryar da matafiya da dabbobi ke shan inuwarta ba da wani haƙƙi ba. Sara ne duka biyun, cuta ce ta raba su. Don haka a gaban kowace bishiya ka tambayi kanka: wace cuta take yi, kuma mene ne mafi ƙarancin abin da za a cire cutar ta gushe?

Mu soma da dogon yaro, tunda ransa da na Hajiya ke kusa da juna. Tsagewar katanga ita kaɗai ba ta isa hujjar kisa ba. Katanga kan tsage saboda tushen gini bai yi zurfi ba, ko bulo bai sha siminti ba, ko ruwan indararo na kwanciya a gindinta, sai a ɗora wa bishiya laifi don ita ake gani. Hanyar ganewa ba ta da tsada. A haƙa ɗan rami tsakanin bishiyar da katangar, zurfin gwiwa, da hannu, ba tare da an sare komai ba. In aka iske saiwa mai kauri ta shige ƙarƙashin tushen ginin daidai inda tsagar take, an kama mai laifi. Ƙasar wurin ma tana da ta cewa. A jigawa, wato ƙasa mai yashi, saiwa turawa take yi kai tsaye. A unguwannin da suka gangara wajen fadamar gulbin Rima, inda laka ta yi yawa, bishiya kan shanye danshin ƙasa da rani, lakar ta tsuke, ginin ya zauna ta gefe guda. Irin wannan tsaga tana buɗewa da bazara ta rufe da damina.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne karkatar. Bishiyar da ta tashi a karkace tun tana ƙarama tana bin rana, ta gina jikinta a haka, tana iya shekara 50 ba ta faɗi ba. Wadda take tsaye sannan ta karkata bayan wata damina, saiwoyinta ne suka saki ko suka ruɓe. Ka zagaya bayanta, wato gefen da ta karkata daga gare shi, ka duba ƙasa. In ta ɗago ko ta dare, ko kana ganin saiwa ta fito a tsinke, to bishiyar ta riga ta soma faɗuwa, a hankali take yi. Ka bugi gindin da bayan gatari a wurare daban daban. Lafiyayyen itace amsawa yake da nauyi, mai kogo kuwa sai ka ji kamar ganga. Ka duba ko naman kaza na fitowa a gindin da damina, ko gara ta yi hanya ta shiga ciki, ko rassan can ƙoli sun bushe alhali na ƙasa na da ganye. Inda gangar jikin ta rabu biyu, ka ga ko akwai tsaga ko wani baƙin ruwa na tsatsowa. Biyu daga cikin waɗannan in sun haɗu da sabuwar karkata, ba sauran jira.

Wani zai ce maka a sare saiwar da ke shiga katanga kawai a bar bishiyar. Da tana nesa da na yarda. Amma taku biyu ne. Manyan saiwoyin da ke kusa da gindi su ne ƙafafunta, kuma ƙa'idar da muke bi ita ce kada a yanke babbar saiwa a nisan da bai kai kaurin gindin sau uku zuwa biyar ba. Bishiyar da ta riga ta karkata, ka datse mata saiwa a nan, ka gaggauta mata faɗuwa ne. Shi ya sa na ce ta sauka. Kuma daga yau har a yi aikin, duk daren da hadari ya haɗu Hajiya ta kwana wani ɗaki. Iskar farkon damina, ta ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, ita ce ke kwashe kwano tana kayar da itatuwa a ƙasarmu, don haka lokacin wannan aiki tsakanin Disamba da Maris ne, a ranar da iska ta kwanta, da sanyin safiya.

Yadda za a sauke ta shi ne inda ake asarar rayuka. Dogon yaro da ya manyanta kan kai mita 15 zuwa 20. In kana son sanin tsawon naka, ka kafa sanda mai mita 1 a rana, ka auna inuwarta, ka auna inuwar bishiyar a lokaci guda. Sau nawa inuwar bishiyar ta ninka ta sandar, mita nawa ke nan tsawonta. Ka ɗauki wannan tsawo ka zagaya gindin da shi a ranka, za ka ga ɗakuna nawa da gidajen mutane nawa ke ciki. A tsakar gida irin naku ba a kayar da bishiya daga gindi, daga sama ake kwance ta. Mai hawa ya ɗaure kansa da igiya mai ƙarfi a reshen da ba shi zai yanka ba. Kowane babban reshe a ɗaure shi da wata igiyar daban kafin a yanke, a ratayo ta bisa wani reshe na sama, mutanen ƙasa su sauke shi sannu. Ana fara rage nauyin gefen da ta karkata. Sai a bi gangar jikin gunduwa gunduwa, gwargwadon abin da mutum biyu za su iya sarrafawa, har ya rage guntun da in ya faɗi ba zai kai ga komai ba.

Wannan guntun ma da ƙa'idarsa. A gefen da ake son ya faɗi ake fara yanka baki, a cire yanki mai kusurwa, zurfinsa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin itacen. Sannan a koma baya a yanka a miƙe, sama kaɗan da ƙasan bakin. Ba a haɗe yankan biyu. Ana barin siririn yanki a tsakani, wajen kashi ɗaya cikin goma na kaurin, shi ke riƙe itacen yana jan sa inda aka nufa. In aka yanke shi, itacen ya zama nasa, inda ya ga dama zai tafi. Mai yanka ya share hanyar gudu tun kafin ya tada inji, ta baya a karkace, domin gindi kan yi tsalle ya harbo baya kai tsaye. Duk wanda ba ya cikin aikin, musamman yara da ke taruwa kallo, ya yi nisan tsawon bishiyar sau biyu. Inji kuma ba a yanka da kan bakinsa, ba a ɗaga shi sama da kafaɗa, ba a riƙe shi da hannu ɗaya a kan tsani. In ƙarshen kacar ya taɓa abu, injin kan zaburo zuwa fuska kafin mutum ya ƙifta ido. Kafin a hau a duba ko akwai zuma a wani kogo, don harbin zuma a sama ya jefo mutane da yawa ƙasa.

Kututture ba ƙaramar magana ba ce ga dogon yaro, domin ba ya mutuwa da sara. Wata guda ka ga ya yi toho, har daga saiwa. Wannan taurin ran ne ya sa aka yaɗa shi ko'ina a Arewa tun da aka kawo shi Borno a 1928. Mafi tsabta a haƙe kututturen a cire, a kiyaye kada a raunana tushen ginin. In ba hali, a yanke shi daidai ƙasa a riƙa karye duk tohon da ya fito tun yana ɗanye, har abincin da ke cikin saiwar ya ƙare. Wasu kan shafa maganin kashe ciyawa a gefen yankan da ke kusa da ɓawo nan take bayan sara, yana aiki, amma a bi umarnin da ke jikin kwalbar, a nisanta shi da rijiya da yara. Ban yarda da zuba gishiri ko baƙin mai ba, ƙasa suke kashewa. Ban yarda da cinna masa wuta kusa da gini ba, don wuta kan bi saiwa ta ƙarƙashi tana ci kwana da kwanaki ba a gani. Matacciyar saiwa kuma abincin gara ce, a riƙa duba azara da ƙyauren ɗakin. Gyaran tsagar katangar na dindindin a bar shi sai bayan damina guda, musamman in laka ce, saboda ruwan da bishiyar ke sha zai koma ƙasa, ta kumbura, ginin ya sake motsi kafin ya zauna.

Kada ka bar tsakar gidan fayau. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yana wuce digiri 40, kuma ɗakin da ya saba da inuwa za a ji bambancin tun ranar farko. Ka dasa wata da ruwa ya zauna, wajen Yuli. Babbar bishiya irin dogon yaro ko mangwaro ko madaci, shawarata mita 7 ko fiye daga gini da salga da bututun ruwa. Cediya da durumi da itacen turare kada su shigo ƙaramin gida sam, saiwarsu neman ruwa take har inda yake. In filin bai kai ba, gwaiba da lemun tsami da rumman da zogale sun wadatar a mita 3.

Tsamiya daban take. Ba ta saurin girma, wadda ka ga ta yi inuwar ƙofar gida wataƙila ta girmi mahaifinku, kuma tana iya wuce shekara 100 a tsaye. Saiwarta na nitsewa, itacenta na da tauri, ba ta cika karyewa a iska ba. Ba ka ce ta karkata ko ta ruɓe ba, laifinta rassa ne, to rassa za a hukunta. Na san akwai masu cewa tsamiya a ƙofar gida matattarar iskoki ce, na kuma ga tsofaffin tsamiyoyi da kukoki da aka kashe a kan faɗar wani boka. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin an rasa inuwa da abin kunu, ciwon da ake nema wa magani kuma yana nan.

Ka fara da waya. Reshen da ke taɓa wayar lantarki ba aikinka ba ne, ba kuma na mai inji ba. Ɗanyen itace na ɗaukar wuta, kuma babban layi ba sai an taɓa shi ba, wutar kan tsallako in an matso. Ka je ofishin Kaduna Electric, su ke raba wuta a Kebbi da Zamfara da Sakkwato da Kaduna, ka nemi su zo su kashe layin su tsaya a wurin har a gama. Kada wani ya ce ai an ɗauke wuta, a hau da sauri. Ba wanda ya san mintin da za a maido ta, kuma janareton wani gida na iya turo wuta cikin layi. In babban layi ne mai ƙarfin wuta, irin na 11 ko 33 kV, ƙa'idar wutar lantarki ta ƙasa ta ware masa hanya mai faɗin mita 11, wato biyar da rabi kowane gefe, nan gaba kada ka dasa doguwar bishiya a ciki.

Maƙwabcinka kuwa yana da gaskiya. Reshen da ya shiga sararin gidansa yana zuba masa ganye a kwano, yana toshe masa indararo, haƙƙinsa ne a janye shi, kuma kai ya kamata ka ɗauki nauyin aikin. Ba cuta ba cutarwa. Ka same shi da kanka, ku tsaya tare ya nuna maka rassan da ke damunsa, ku sa musu alama. Sau da yawa za ka iske biyu ne ko uku, kuma shi ma iyalinsa na shan inuwar da yamma. In ka bari ya gaji ya sare da kansa, zai sare yadda ya samu, ya bar maka bishiya mai nauyi a gefe ɗaya.

Babban reshe sau uku ake yanka shi. Na farko daga ƙasa, kamar kamu ɗaya ko biyu daga gangar jiki, a shiga kashi ɗaya cikin uku. Na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farko, har reshen ya faɗi. Yankan ƙasan nan shi ke hana ɓawo ya sulluɓe ya bi jikin bishiyar. Na uku a cire guntun da ya rage. A gindin kowane reshe akwai ɗan kumburi da ya kewaye shi, a yanka dab da shi ta waje, kada a shafe shi, domin daga nan bishiyar ke rufe rauninta. In an bar dogon guntu, ruɓewa zai yi ya kai ruɓar ciki. Ba sai an shafa fenti ba, balle baƙin mai. Yanka mai santsi da zarto mai kaifi ya fi komai. A shekara guda kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta, in aikin ya fi haka a raba shi rani biyu. Kaucin da ya kama wani reshe a cire shi da reshen, tsotson bishiyar yake.

Abin da nake hana mutane da ƙarfi shi ne yi wa bishiya ƙwal kwabo, a sare duk kanta a bar gungume tsaye. Ana yin haka da niyyar rage hatsari, amma ƙara shi ake yi. Manyan raunukan ba sa rufewa, ruwa ya shiga, ciki ya ruɓe. Tohon da ke fitowa da yawa a bakin yankan yana saurin tsawo, kuma a saman itacen kawai yake manne, bayan 'yan shekaru sai ka sami rassa masu nauyi a kan ruɓaɓɓen gindi. Dogon yaro na daji da ake noma don itacen girki yana jure irin wannan in ana maimaita shi a kan kari. Tsohuwar tsamiya a bakin hanya ba ta jurewa.

Yanzu gona. Malam, gawo ba abokin gabar manomi ba ne. Shi kaɗai ne a itatuwanmu yake zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, saboda haka lokacin da gero ke son rana, rassansa tsirara suke. Ganyen da ya zubar taki ne. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa irin sinadarin da ake saye a buhun yuriya, tana kuma nitsewa can ƙasa inda ba ta gasa da shuka. Da bazara 'ya'yansa na faɗowa daidai lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobi su taru a inuwarsa su bar maka kashinsu. Bana ka tsaya ka dubi zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo ka gwada da ta fili, idonka zai ba ka amsa. Ba banza ba sarakunan Damagaram a ƙarni na 19 suka sanya hukunci mai tsanani ga mai sare shi. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, bayan sun share gonakinsu sun sha iska da yunwa, tun shekarun 1980 suka koma abin da suke kira sassabin zamani: a kowane kututturen da ya yi toho a zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Ta haka aka farfaɗo da itatuwa a fili mai kusan hekta miliyan 5 ba tare da dashe ba. Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 da shirin katangar itatuwa ta Afirka, wanda aka amince da shi a 2007, ya shafa a Najeriya. Ana kashe kuɗi ana dasa 'yan tsirrai ana ba su ruwa, da yawa ba sa kai rani na biyu, kai kuwa kana da manya da suka riga suka kafu.

Ɗorawa zan faɗa maka gaskiya, tana rage amfanin da ke ƙarƙashinta, domin inuwarta na da duhu da damina. Amma ka lissafa da 'yan'uwanka mata kuɗin kalwa da garin ɗorawa na shekara, ka gwada da damin da kake rasawa a wannan ɗan da'irar. Ka tuna kuma sabuwa kan ɗauki shekaru kafin ta soma haihuwa sosai, ta fi 10 kafin ta kai irin taka. A rage mata rassan ƙasa bayan an gama girbin 'ya'yanta, rana ta riƙa shiga ta gefe.

Matsalar tarakta ta rassan ƙasa ce da wurin juyawa. A ɗage rassan zuwa mita 3 ko 4, direba ya bar taku biyu ko uku kewaye da gindi, a nome wurin da hannu ko da shanu. In akwai wasu da suka cunkushe wuri ɗaya, malamin daji ya zaɓi mai rauni a cire, a bar mai ƙarfi. Wajen share gona kada a tara kara a gindin bishiya a cinna wuta. Ɓawo ne ke ɗauke da rayuwarta, in ya ƙone kewaye ta mutu ko da shekara biyu za ta yi tana ja. Ka gaya wa mai tsaron gonar haka, ka kuma yi magana da makiyayan da ke sauka wurin, su sassari ƙananan rassan gawo su bar manya.

Sauran yadda za ka yi da mai inji. Ka raba aikin da itacen: ka biya shi kuɗin aiki, itacen dogon yaron ku sayar daban ko ku yi girki da shi, kuɗin ya shiga lissafin magada. Kafin ku shirya ka tambaye shi ina reshen da ke saman ɗakin Hajiya zai sauka, kuma da me. Ka ga igiyoyinsa da idonka, ka ga ko yana da hular kwano da takalmi mai rufi, ka san mutum nawa zai zo da su. In ya ce maka kada ka damu, sun saba, bai nuna maka komai ba, nemi wani. Ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu: bishiya kaza ce za a sauke, rassa kaza masu alama ne za a rage, ba a taɓa waya sai ma'aikatan wuta na wurin, ɓarnar da ta faru ta sakaci a kan wa take, wa zai kwashe rassa da kututture. Rabin kuɗi a farko, rabi bayan an share wurin. Ranar aikin ka tsaya da kanka, a fitar da kowa daga ɗakunan da ke kusa har na maƙwabta, a tare hanyar ƙofar gida, kuma in iska ta taso a sauko a bari sai gobe. Allah ya sa a yi lafiya a gama lafiya.